Daga Baki Zuwa Takarda: Koya wa 'Yan Firamare Rubutun Shawo Kai

Duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da yaro ɗan shekara takwas ya san ba a koya wa yaro neman abin da yake so. Ka saurare shi ranar Sallah yana roƙon a bar shi ya je kallon hawa. Zai fara da cewa ya ɗebo ruwa, ya kuma ba akuya dusa tun da safe. Zai ce Yaya zai riƙe masa hannu, ba zai shiga cikin dawaki ba. Zai tuna wa mahaifiyarsa cewa bara an bar ɗan maƙwabta ya je, ya kuma dawo lafiya. In duk wannan bai ci ba, sai ya langaɓar da kai ya ce, "Haba Umma, in na rasa yau fa sai wata Sallar." Cikin minti biyu ya nuna halinsa na kirki, ya toshe abin da ake tsoro, ya kawo misali, ya taɓa zuciya. Wannan yaron ne kuma za ka miƙa wa takarda ranar Litinin ka ce ya rubuta insha'i, ya zauna yana tauna gindin biro har a kaɗa ƙararrawa.

Abin da na fahimta a aji shi ne, yaron ba hujja ya rasa ba. Ya rasa wanda zai faɗa wa ita. A gida akwai Umma, tana iya cewa e, tana iya cewa a'a, shi ya sa yake zage damtse. A takardar insha'i babu kowa sai jan biron malam. Don haka duk dabarun da zan kawo a nan kan abu ɗaya suke tafiya: a fara da baki, a sa wa yaro mutum a gabansa, sannan a kai maganar kan takarda. Na fi yin su da 'yan aji 4 zuwa 6, amma wasa na farko da na biyu har 'yan aji 2 suna iyawa.

Bangon gabas da bangon yamma

Ranar farko kada kowa ya buɗe littafi. Ka rubuta tambaya ɗaya a allo, wadda kowane yaro yake da ta cewa a kanta: ƙosai ko awara, wanne ya fi dacewa da lokacin tara? Masu ƙosai su koma bangon gabas, masu awara su koma na yamma. In ajin ya cika maƙil, kamar yadda azuzuwanmu da yawa suke, ku fita ƙarƙashin bishiya ka ja layi a ƙasa da sanda.

Doka ɗaya ce: ba mai tsayawa a bango sai da "saboda" a bakinsa. Na farko da za ka nuna zai ce, "Ƙosai, saboda ya fi daɗi." Na ɗaya bangon zai ce, "Awara, saboda ta fi daɗi." Ka bar su su yi haka sau biyu ko uku, sannan ka tambayi ajin ko akwai wanda ya sauya ra'ayi. Babu. A nan ne darasin yake, kuma su za su gano shi da kansu: "ya fi daɗi" maimaita ra'ayi ne, ba dalili ba ne. Sai ka ce, wa zai faɗi abin da zai sa wani ya tsallako? Can za ka ji wata ta ce ƙosai yana riƙe ciki har a tashi. Wani ya ce da kuɗi kaɗan ana samun awarar da za a raba da ƙane. Da zarar yaro ɗaya ya bar bangonsa ya tsallaka, ajin zai kaure da sowa. Ka tsayar da shi a tsakiya ka tambaye shi maganar wa ta ɗauko shi, ka rubuta wannan maganar a allo da manyan baƙaƙe.

Tambayoyin ba sa ƙarewa: damina ko hunturu, langa ko ƙwallo, kiwon kaji ko kiwon zomo, zuwa makaranta a ƙafa ko a keke. Abin da ya shafi addini, siyasa, ƙabila ko sana'ar iyayen wani, a bar shi a waje. Shi ya sa ma ba na son tsohuwar muhawarar nan ta "likita ya fi manomi" ga ƙananan yara. Rabin ajin 'ya'yan manoma ne, kuma yawanci malami ne yake rubuta jawabin, yara biyu su haddace, sauran su yi tafi. Hadda suka koya, ba tunani ba.

Murhu

Bayan kwana biyu ko uku ana wannan wasa, allo zai cika da dalilai barkatai. Yanzu ake buƙatar tsari. A makarantun Amurka malamai da yawa suna amfani da sunan biskit ɗin Oreo, domin haruffansa huɗu sun yi daidai da farkon kalmomin ra'ayi, dalili, misali da maimaita ra'ayi a Turanci. Dabara ce mai kyau a wurinsu, amma a Hausa haruffan ba su faɗi komai ba. Mu muna da murhu.

Ka zo aji da duwatsu uku da 'yar tukunya da murfinta da 'yan ƙirare. Tukunya ita ce ra'ayi, duwatsu su ne dalilai. Ka ɗora ta a kan dutse ɗaya su ga ta faɗi. Ka ɗora a kan biyu, ka kira wani ya taɓa ta da yatsa. Sai a kan uku za ta zauna daram. Ƙiraren da ake turawa tsakanin duwatsu su ne misalai, domin dalili ba misali tukunya ce a kan murhu ba wuta. Murfi kuwa shi ne jimlar ƙarshe, inda marubuci yake faɗin abin da yake so mai karatu ya yi.

Kowane yaro ya zana murhun a littafinsa, babba, ya cika shafi. Ya rubuta ra'ayinsa a cikin tukunya, dalili ɗaya a kan kowane dutse. Daga wannan zane zuwa sakin layi tafiyar ba ta da nisa, abin da ya rage kalmomin haɗi ne. Ka rubuta su a kwali ka liƙa a bango su zauna har ƙarshen zango: a ganina, saboda, na farko, bugu da ƙari, alal misali, ko da yake, duk da haka, don haka. Yara suna son "bugu da ƙari" ƙwarai, za su riƙa cusa ta ko'ina na ɗan lokaci. Ka ƙyale su, za su daidaita.

Wani lokaci yaro zai kawo duwatsu uku da a gaskiya dutse ɗaya ne: ƙwallo tana sa lafiya, tana sa ƙarfi, tana sa jiki ya yi kyau. Ka tara duwatsun a wuri ɗaya, wani kan wani, ka ce ya ɗora tukunya.

Kasuwa a cikin aji

Wannan shi ne wasan da yara suke tambaya a sake. Ka cika buhu da tarkace: tsintsiya, ludayi, mafici, gwangwanin madara, takalmi ƙafa ɗaya, guntun igiya. Ka raba ajin rukuni-rukuni, mutum shida zuwa takwas. Kowane rukuni ya zura hannu ya ciro abu ɗaya ba tare da ya leƙa ba, a ba su minti 10 su rubuta tallarsa a layi huɗu ko biyar. Dole a rubuta, kuma abin da aka rubuta shi za a karanta. Kowane yaro a ba shi murafun kwalba uku a matsayin kuɗi, ya saya a inda tallar ta fi shigarsa, ban da rukuninsa.

Yaranmu sun tashi cikin talla. Sun ji mai magani da lasifikarsa a tasha, sun ji dillali yana yabon rago, da yawansu ma suna ɗaukar farantin talla bayan an tashi. Saboda haka za su zo da gwaninta, za su kuma zo da zuƙi-ta-malle. Za ka ji an ce maficin nan yana maganin zazzaɓi. Don haka nake naɗa Sarkin Kasuwa daga cikinsu, da 'yan majalisarsa biyu. Duk tallar da aka kama da ƙarya, ana cin ta tarar murfi biyar. Sai ka ga rukunin da ya samu takalmi ƙafa ɗaya ya zauna yana tunani na gaske: ana iya yanka shi a yi wa motar langa-langa taya da shi. Neman gaskiyar da za ta sayar da abu ya fi ƙirƙiro ƙarya wahala, kuma wannan wahalar ita nake so su saba da ita tun suna ƙanana, domin wanda ya iya shawo kan mutane ya riƙe abu mai kaifi.

Zagaye na biyu ya fi na farko amfani. Abin sayarwa yana nan, mai saye ne ya sauya. Ku sayar wa Kaka tsintsiyar nan. To, yanzu ku sayar wa direban bas. Yanzu kuma hedimasta. Ga Kaka za su ce ba ta da nauyi, kuma doguwa ce, ba sai ta sunkuya sosai ba. Ga direba za su ce tana shiga ƙarƙashin kujera. Ba ka yi musu dogon bayani a kan sanin mai karatu ba, amma sun gane cewa dalilin da zai ci wannan ba lallai ya ci wancan ba.

Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, Aristotal na ƙasar Girka ya rubuta littafi a kan fasahar jawabi, wanda daga baya malaman Musulunci irin su Ibn Rushd suka yi wa sharhi. Ya ce abubuwa uku ne suke sa a yarda da mai magana: halinsa, abin da ya motsa a zuciyar mai sauraro, da hujjar da ke cikin maganar kanta. Ba na kai wa 'yan firamare sunansa. Ina dai ba su tambayoyi uku su riƙa yi wa kowace talla, har wadda suke ji a rediyo: Wa ya faɗa, kuma abin yarda ne? Me na ji a raina? Ina shaida?

Gizo a gaban alƙali

Tatsuniya ƙofa ce mai sauƙi zuwa abin da ya fi ba yara wuya, wato kallon magana ta idon abokin hamayya. Ka ba su wata tatsuniyar Gizo da suka sani, inda ya yi wa wani wayo. Rabin aji su rubuta ƙarar wanda aka cuta, rabi su rubuta kariyar Gizo. Idan sun gama, ka musanya takardun, ka ce kowa ya fara jimla da "Ko da yake" ya amsa mafi ƙarfin abin da ɗaya ɓangaren ya faɗa. Jimla ɗaya tak. Yaron da ya iya rubuta, "Ko da yake yunwa ce ta sa Gizo, da ya roƙa da an ba shi," ya haye wani babban tudu.

'Yan aji 6 kuwa, in makarantar tana da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ga aiki a shirye. Ginshiƙin littafi na farko shi ne aku yana riƙe Musa ɗan sarki da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Ka ce musu labaran akun sun ƙare yau, saura hujja: in kai ne akun, me za ka rubuta wa Musa da zai hana shi fita daren nan?

Wasiƙar da za a amsa

Duk abin da ya gabata share fage ne. Aikin gaske shi ne wasiƙa zuwa ga mutum mai rai, a kan matsala ta gaske, wadda zai karanta ya ba da amsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bayan an fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, masu karatu sun riƙa aika wasiƙu suna faɗin ra'ayinsu, haka kuma masu sauraron sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957. Iyaye da kakannin yaran nan sun san darajar a karanta takardar mutum a ji ta.

Kafin ka ce wa yara komai, ka je ka ga hedimasta. Ka gaya masa abin da kake shiryawa, ka roƙe shi abu biyu: ya karanta da kansa, ya kuma amsa a rubuce ko ya zo aji ya amsa, ko da amsar a'a ce. In bai yi wannan alkawari ba, ka nemi wani: shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ko mai unguwa. Na taɓa yin kuskuren tura wasiƙun yara wani ofis ba tare da na share hanya ba. Mako uku suna tambayata, "Malam, an amsa?" Babu abin da ya zo. Sai da na sha wahala kafin su sake yarda su rubuta wani abu da zuciya ɗaya.

Sannan ajin ya zaɓi matsala. Su za su kawo, kai kuma ka taimaka a tace. A zaɓi abin da wanda za a rubuta wa yake da ikon yi, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa: randar ruwan sha a bakin aji, gyaran benci, kwandon shara, raba filin wasa don 'yan mata su samu wurin gaɗa ba tare da ƙwallo tana faɗo musu ba. Gina sabon aji ba aikin wasiƙar 'yan aji 5 ba ne, kuma rashin samu zai karya musu gwiwa.

Kwana na gaba na ƙirge ne, kuma nan ne darasin lissafi yake shigowa. A ce randa suka zaɓa. Rukuni ɗaya ya ƙirga yara nawa ne suke neman izinin fita shan ruwa a yini. Wani ya auna taku nawa ne daga aji zuwa famfo. Wani ya duba agogon malam ya ga minti nawa mai fita yake yi. Wani ya tambayo kuɗin randa da moɗa a kasuwa. Idan suka dawo da lambobi, za ka ga bambanci a fuskarsu. "Muna shan wahala" magana ce da kowa zai iya faɗi. "Ranar Talata yara 19 suka fita shan ruwa" kuwa, sai wanda ya tsaya ya ƙirga.

Kowane rukuni ya zana murhunsa, ya rubuta daftari. A karanta wa aji, a jefa ƙwallon dabino a gwangwani a zaɓi mafi ƙarfi, sannan a ɗebo jimloli masu kyau daga sauran a ƙara mata, don kowa ya ga hannunsa a ciki. Abin da zai fito zai yi kama da wannan:

"Zuwa ga Shugaban Makaranta. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Mu 'yan aji 5 muna roƙon a sa mana randa a bakin ajinmu. Na farko, ranar Talata mun ƙirga yara 19 da suka fita shan ruwa ana cikin darasi. Na biyu, famfo yana da nisan taku 140, mai zuwa yakan rasa minti 6 na karatu. Na uku, ƙananan yara suna tsoron cunkoson famfo, sai su haƙura da ƙishirwa. Ko da yake randa tana iya fashewa ko ta yi datti, mun tsara mutum biyu kullum da za su wanke ta su rufe. Muna roƙon Malam ya duba mana. Mu ne ɗalibanka masu biyayya."

Ka lura da gaisuwar da kuma "ranka ya daɗe". Wasu iyaye, har da wasu malamai, suna jin tsoron irin wannan darasi, suna ganin za a koya wa yara musu da manya da tsaurin ido. Tsoron yana da tushe, bai kamata a yi watsi da shi ba, domin mun tashi a kan cewa yaro ba ya ja-in-ja da babba. Amsata ita ce wasiƙar kanta. Yaron da ya gaishe da babba, ya faɗi buƙatarsa, ya kawo dalili, ya ɗauki nauyin wani ɓangare na aikin, ya kuma bar hukunci a hannun mai shi, bai yi fitsara ba. Ladabi ne ya samu harshe. Na fi jin tsoron yaron da bai san wata hanya ba sai shiru ko ihu. 'Yan mata musamman, waɗanda kunya takan danne muryarsu a gaban aji, sau da yawa su ne suke fitar da jimla mafi kaifi idan aka ba su takarda. Ka tabbata a cikin masu kai wasiƙar ofis akwai mace.

In kana neman lokacin da ya dace da irin wannan aiki a wajen aji, ranar wanke hannu ta duniya, 15 ga Oktoba, tana ba da damar rubuta allunan jan hankali a liƙa a bakin famfo, ranar yara kuma, 27 ga Mayu a Nijeriya, ta dace da karanta wasiƙu a gaban iyaye.

Batun jan biro

Malamin da ke da yara 80 ba zai iya bin kowane layi ba, kuma ba a buƙatar haka. A daftarin farko abu uku kawai nake dubawa: akwai tukunya, akwai duwatsu uku mabambanta, akwai murfi? Alama uku, shi ke nan. Ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, raba kalma da haɗe ta, aya da waƙafi, duk suna da muhimmanci, amma ranarsu daban, wato ranar da za a kwafe wasiƙar a takarda mai tsabta. A ranar yaran da kansu za su matsa a gyara, domin sun san hedimasta zai gani, kuma ba mai son a karanta "kasa" a inda ya nufi "ƙasa". Idan ka cika daftarin farko da ja, yaro zai koyi rubuta gajerun jimloli marasa haɗari, ya daina faɗin abin da ke ransa.

Yaron da hannunsa bai faɗa ba tukuna, kada a bar shi a baya. Ya faɗa da baki, abokinsa ya rubuta, shi kuma ya kwafi jimlar da ta fito daga bakinsa. Sau da yawa mai mafi kyawun dalili a rukuni ba shi ne mai mafi kyawun rubutu ba.

Ranar da amsa ta zo, a karanta ta a tsaye a gaban aji. In an samu randa, a rubuta wasiƙar godiya a ranar, a kuma liƙa jadawalin masu wanke ta kamar yadda aka yi alkawari. In kuwa hedimasta ya ce a'a, ka roƙe shi tun farko ya faɗi dalilinsa. A rubuta dalilin a allo, a fito da duwatsun nan uku a ɗora a tebur, a tambayi ajin wanne ne ya gaza ɗaukar tukunya. Wataƙila ya ce babu kuɗi a wannan zango. To, sai wani ya ɗaga hannu ya ce a gidansu akwai tsohuwar randa da ba a amfani da ita, sai dai Baba ne mai cewa a ɗauka. Ka ba shi takarda, ajin ya taya shi neman duwatsu uku da za su dace da Baba.